Kwalliyar Kek da Fondan: Sana'ar da Uwargida Za Ta Koya Tana Cikin Ɗakinta

    Da fatan kowa ta kammala abin da ke gabanta, ta jawo tabarma ta zauna, domin zancen namu na yau sai da natsuwa. In da hali a ɗauko takarda da biro, akwai awo da za a rubuta.

Abin da ya jawo zancen shi ne saƙon wata 'yar'uwa daga Kurfi. Ta ce ta daɗe tana gasa kek a gida, yara na ci, maƙwabta na yabawa. Da bikin ƙanwar maigidanta ya zo sai aka tsallake ta, aka yi odar kek daga Katsina, irin mai farin rufin nan sumul kamar an naɗe shi da yadi. Ta ce da aka yanka ta ɗanɗana, wallahi nata ya fi shi daɗi, kwalliya kawai ya fi ta. Shi ne take tambaya: mene ne wannan rufin, kuma mace da ba ta fita za ta iya koyonsa?

Amsa a taƙaice ita ce e, za ta iya. Sunan abin fondan. Yau za mu bi shi daki-daki.

Mene ne fondan?

Kalmar daga Faransanci ta fito, ma'anarta abu mai narkewa. Shi dai ba wani abu ba ne illa garin sukari mai laushi da aka kwaɓa da wasu 'yan sinadarai har ya zama kamar ƙullin fulawa, ana murza shi, ana shimfiɗa shi, ana yanka shi yadda ake so. Turawa sun daɗe suna yi wa kek farin rufi na sukari. A shekarar 1840, da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi aure, kek ɗin bikinta da farin sukari aka lulluɓe shi, kuma a zamanin farin sukari alama ce ta wadata. Sai dai irin nata rufin mai tauri ne, yana bushewa kamar ƙwanson ƙwai. Wanda muke magana a kai mai taushi ne, wuƙa na ratsa shi ba gardama.

To kada sunan ya tsorata ki. Tambayar da zan yi maki ita ce: kin iya tuwon madara? In kin taɓa dafa sukari, kika zuba garin madara, kika tuƙa, kika juye a faranti kika murza da kwalba kika yanyanka, to rabin aikin fondan yana hannunki. Hannun da ke naɗa dubulan da alkaki don gara, hannun da ke zana lalle, ba zai gagara yin furen sukari ba. Abin da ya rage shi ne sanin awo da sanin halin garinmu, domin fondan abu ne mai jin yanayi ƙwarai.

Kuma sana'ar cikin gida ba baƙuwarmu ba ce. Wata baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, nan kan hanyarmu in an fito Katsina za a zo Kurfi, ta kuma rubuta a 1969 cewa akwai wata ɓoyayyar kasuwa a ƙasar Hausa, wadda mata ke ci daga cikin gidajensu: hatsi, man gyaɗa, ƙuliƙuli, abinci. Abin da kakanninmu suka yi ke nan. Mu kaya kawai muka sauya. Yanzu kuwa masu son kek sun ƙaru a wajenmu. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, garin ya cika da ɗalibai da ma'aikata masu bikin kammala karatu. Ga walimar saukar Alƙur'ani, ga suna, ga kamu da sauran shagalin biki. Kuɗin nan in ba a kashe su a unguwarku ba, Katsina ko Kano za su tafi.

Kayan haɗi, da abin lura a kan kowane

Na farko aisin shuga, wato garin sukari mai laushi kamar hoda. Yawanci a kwali ko leda mai giram 500 yake zuwa. Wata za ta ce, ai sai in niƙa sukarin gida a bilenda. Don barbaɗawa a kan cincin zai yi, amma don fondan ba zai yi ba. Komai niƙan da kika yi masa sai kin ji tsaki-tsaki, kuma in kin zo murzawa wurin tsakin ne zai yage. Ki sayi na kamfani, kuma ko shi ɗin ki tankaɗe shi da rariya mai laushi.

Na biyu jelatin. A nan ina so kowa ta buɗe kunne. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, kuma mai yawa daga cikin wanda ake yi a ƙasashen Turai na alade ne. Shi ya sa ba kowane za ki saya ba. Ki sa a duba jikin gwangwanin ko ledar, a ga an rubuta na saniya ne ko na kifi, da tambarin halal. In an auno maki shi a farar leda ba suna ba tambari, mai shagon ma bai san asalinsa ba, ki haƙura da shi, akwai wata hanyar da zan faɗa maki. Haka alewar nan mai taushi kamar auduga da ake kira mashmalo, wadda za ki ga ana narkawa a bidiyo ana yin fondan da ita, ita ma da jelatin ake yin ta, hukuncinsu ɗaya. Abin da za ki ciyar da Musulmi amana ce a wuyanki.

Na uku gulukos na ruwa. Ba garin gulukos ɗin nan da ake dama wa marar lafiya ba. Wannan mai kauri ne, fari garau, yana ja kamar zuma. Shi ke sa fondan ya miƙe ba tare da ya tsinke ba.

Na huɗu gilisarin, mai hana shi saurin bushewa. Don Allah ban ce wanda muke haɗawa da man shafawa da hunturu ba. Akwai na abinci daban, a wajen masu kayan kek ake samunsa. Na shafawa wani har turare ake sa masa.

Na biyar farin mai daskararre na gashi, wanda masu kek ke kira shotenin. Botar da muka saba da ita ruwan ɗorawa ce, tana dusashe farin fondan.

Sai CMC, wani farin gari da ake samu daga tsirrai, mai sa fondan ya yi ƙarfi ya riƙe siffa. Sai kwanfulawa don barbaɗawa, sai filebo, sai kala ta abinci.

Kayan nan ba duka ake samu a kasuwar ƙauye ba. Aisin shuga da kwanfulawa da bota ana samu a manyan shagunan Dutsin-Ma. Jelatin da gulukos da CMC kuwa sau da yawa sai an aika Katsina ko Kano. Shawarata, ku haɗu ku uku ko huɗu, ku rubuta abin da kuke so a takarda da babban rubutu, ku ba maigidan ɗayarku ko ƙaninta in zai shiga birni. Ku ce ya ɗauko hoton kayan a waya ya turo kafin ya biya.

Yadda ake kwaɓawa

Ga awon, a rubuta. Aisin shuga kwali 2, wato kilo 1. Jelatin babban cokali 1. Ruwan sanyi babban cokali 4. Gulukos babban cokali 8. Gilisarin babban cokali 1. Farin mai babban cokali 2. Filebo ƙaramin cokali 1. In na ce cokali, a shafe nake nufi, ba a tula ba.

Ki zuba ruwan a ƙaramin kwano, ki barbaɗa jelatin a kai, ki bar shi kamar minti 5 har ya sha ruwan ya kumbura. Sai ki ɗora kwanon a cikin wata tukunya mai ruwan zafi, kina juyawa har ya narke ya zama ruwa garau. Kada ki ɗora shi kan wuta kai tsaye, kada kuma ya tafasa, domin in ya tafasa ƙarfinsa ya ragu. Yana narkewa sai ki zuba gulukos da gilisarin da man, ki juya su haɗe, ki sauke, ki sa filebo, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi.

Ki zuba kamar kashi biyu cikin uku na sukarin a roba mai faɗi, ki yi rami a tsakiya, ki juye ruwan haɗin. Ki fara juyawa da muciya mai tsabta wadda ba ta taɓa miya ba. In ya fara kamawa sai ki shafa farin mai a hannu, ki juye shi kan tebur ko babban faranti, kina murzawa kina ƙara sauran sukarin kaɗan-kaɗan. Ba dole ne sukarin ya shige duka ba. Alamar ya yi ita ce ya daina kama hannu, ya yi santsi, in kin danna yatsa wurin ya lotsa ba tare da gefen ya tsage ba.

Daga nan ki shafe shi da ɗan mai, ki naɗe shi tsaf a leda ninki biyu, ki sa a roba mai murfi, ki bar shi ya kwana. Fondan ɗin da aka kwaɓa yau aka murza yau yana da taurin kai. Wanda ya kwana ya fi biyayya.

Wadda ba ta samu jelatin na halal ba, ga tata hanyar: aisin shuga giram 500, CMC ƙaramin cokali 1 a gauraya a cikin sukarin, farin ƙwai 1, gulukos babban cokali 2 da aka ɗan ɗumama. A haɗa a murza kamar na farko. Wannan ya fi saurin bushewa, don haka sai an yi hanzari. Kuma tunda ƙwan ɗanye ne, ki nemi sabo, ki wanke bayansa kafin ki fasa, ki kuma sanar da mai oda in akwai mai juna biyu ko ƙananan yara da za su ci.

Kek ɗin da zai ɗauki rufi

Fondan yana da nauyi. Kek mai laushi kamar soso zai lotsa a ƙarƙashinsa. Irin namu na gida mai ɗan nauyi shi ya fi dacewa: bota giram 250, sukari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai 5, bakin hoda ƙaramin cokali 1. Wadda ba ta da oban, ai mun saba: yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora kan garwashi, a sa gwangwanin kek a ciki, a rufe, a ɗora ɗan garwashi a kan murfin. Fondan bai san a ina aka gasa kek ba.

Abin da ya sani shi ne zafi. Kada ki kuskura ki rufe kek mai ɗumi. Ki gasa yau, ki rufe gobe. In ya huce, ki sa doguwar wuƙa ki yanke tudun da ya taso a sama, ki kifa shi, gindin nan mai baje ya koma sama.

Sai shafe. Ki buga bota giram 250 da aisin shuga giram 500 har su yi haske da laushi. Ki shafe kek ɗin da shi sama da gefe, siriri, ki bi da bayan wuƙa ki daidaita. Wannan shafen shi ne yaɓen ɗaki, fondan kuwa fenti ne. Duk ramin da kika bari a yaɓe sai ya fito a fenti. Kuma kada ki labta da yawa, da zafin garinmu zai narke ya zame a ƙarƙashi, rufin ya yi ciki.

Murzawa da rufewa

Kafin ki murza, ki auna. Faɗin kek, ki ƙara tsayinsa sau biyu. Misali kek mai faɗin inci 8 da tsayin inci 4: 8 da 4 da 4, 16 ke nan. Ki ƙara inci 2 na rara. To faifan fondan ɗinki ya kai inci 18. Tef ɗin awon ɗinki ya isa, ko ma zare. Irin wannan kek yana cin kusan giram 700 na fondan.

Ki cire zobe da awarwaro, ki yanke farce, ki ɗaure kai, ki sa riga wadda ba ta zubar da gashi. Farin fondan ba ya rufa wa kowa asiri, ko zare ɗaya ya faɗa sai an gani. In kin yi sabon lalle, ki bari ya kwana biyu ko ki sa safar hannu.

Ki sake murza fondan ɗin a hannu har ya yi taushi. Ki barbaɗa kwanfulawa kaɗan a tebur, ki fara murzawa da doguwar kwalba ko muburgi mai santsi, daga tsakiya zuwa waje. Bayan kowane murzawa biyu ki ɗan juya shi gefe don kada ya kama tebur, amma kada ki kifa shi. Kaurin da ake so kamar milimita 3 zuwa 4, wato kamar kwali mai ɗan kauri. In ya fi haka sirantaka zai yage, in ya fi haka kauri masu ci za su ɓare shi su ajiye a gefen faranti.

Sai ki naɗo shi a jikin kwalbar, ki ɗaga, ki warware shi a kan kek. Ki fara shafa saman da tafin hannu, daga tsakiya, don iska ta fita. Sai bakin kek ɗin, ki manna shi zagaye, domin nan ne nauyi ke ja ya yage. Sannan gefe. Za ki ga ya yi tattara kamar siket. Kada ki danne tattarar. Ki ɗaga ta da hannu ɗaya ki buɗe, ki shafa ƙasa da ɗaya hannun, kina zagayawa kina sauka a hankali. In kin kai ƙasa ki sa wuƙa mai kaifi ki yanke rarar. In kin ga ƙurji na iska, ki huda shi da allura mai tsabta daga gefe, ki shafa.

Ba sai kin sayi faifai mai juyawa ba. Ki kifa kwano, ki ɗora faranti, ya wadatar. Abin gogewa kuwa, ki dunƙula ragowar fondan ki sa a leda, ki riƙa goga shi a jiki, zai yi sumul.

Ga wata dabara da na so a ce an gaya mani tun farko. Kada ki koya a kan kek. Ki kifa gwangwanin gashi ko ƙaramar tukunya, ki shafa mata ɗan mai, ki rufe ta, ki cire, ki sake murzawa, ki sake rufewa. Fondan ɗaya zai yi maki koyo sau goma, ba ki yi asarar ƙwai ko ɗaya ba. Ni ranar da na fara, kai tsaye na hau kan kek ɗin sunan 'yar yayata, ana gobe suna, cikin watan Janairu. Na murza, aka kira ni a waya, na tsaya surutu. Kafin in dawo ya bushe, ina ɗorawa ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Daren nan sai da na yanka furanni sun fi talatin na liƙe tsagar. Mutane suka yi ta yaba furanni, ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashi.

Fondan da yanayin garinmu

Wannan shi ne abin da masu bidiyon ƙasashen waje ba za su koya maki ba, domin ba su san Dutsin-Ma ba.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska busasshiya ce. Minti kaɗan fondan ke yi a buɗe ya yi fata ya fara tsagewa. A lokacin ki bar kwanfulawa, ki shafa farin mai a tebur a madadinta. Ki ɗan ƙara gilisarin a kwaɓi. Ki rufe taga saboda iska da ƙura, ki kashe fanka. Duk guntun da ba ki aiki da shi ya koma leda nan take.

Da bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fondan na saki, shafen ƙarƙashi na narkewa. Ki yi aikinki bayan sallar asuba ko da dare. Ki wanke hannu da ruwan randa ki goge kafin ki taɓa shi. Ki rage shafe, ki ɗan ƙara CMC.

Da damina, musamman Agusta, sukari na jan laimar iska. Za ki ga kek yana gumi yana ƙyalli, kala na zuba, furanni na langaɓewa. A nan ki rage gilisarin ko ki bar shi, ki yi amfani da kwanfulawa, ki yi furanninki da kwana biyu ko uku kafin rana, ki ajiye kek a kwali, ba a roba mai murfi ba.

Firij fa? In kin fito da kek mai sanyi cikin iska mai ɗumi, raɓa za ta sauka a kansa. Ga kuma halin wutar lantarkinmu, a kawo a ɗauke. Kek ɗin da ba a sa masa madara ko 'ya'yan itace a ciki ba zai yi kwana biyu zuwa uku a ɗaki mai sanyi ba firij. Abokin gabarki na gaskiya shi ne kiyashi. Ki ɗora kwalin a kan kwano, kwanon kuma a cikin faranti mai ruwa.

Kala da ado

Kala mai kauri ta fi ta ruwa, domin ta ruwa na jiƙa fondan. Ki tsoma tsinken sakace ki ɗiga kaɗan, ki murza, ki duba. Ƙarawa na da sauƙi, ragewa ce babu. Ja da baƙi suna ƙara duhu in sun kwana, don haka a haɗa su tun jiya. In baƙi kike so, ki fara da garin koko ya zama ruwan ƙasa, sannan kala kaɗan ta isa, ba zai yi ɗaci ba. Kada a taɓa sa shuɗin wanki ko rinin kaya, kada kuma a barbaɗa ƙyalƙyalin kwalliya, ko da an ce ai ado ne kawai. Yara ba su san ado ba, ci za su yi.

Wajen liƙa fure ɗigon ruwa ya isa. Za ki ga a bidiyo suna shafa wani farin ruwa don narkar da kalar zinari ko sa kek ƙyalli. Sau da yawa giya ce. Mu muna da abin da ya fi ta: ƙaro. Ƙaron dakwara mai tsabta, a jiƙa kaɗan a ruwan ɗumi a tace, yana liƙewa yana kuma sa ƙyalli. Kamfanonin alewa na duniya ma daga ƙasashenmu na Sudan da Chadi da Najeriya suke sayensa. Don kalar zinari kuma ɗigon ruwan lemun tsami zai yi.

Kayan yanka suna nan cikin ɗakinki. Murfin kwalba na fitar da da'ira. Ki yanka da'ira biyar, ki jera su gefe kan gefe, ki naɗe, ki yanke tsakiya, kin samu fure biyu. Guntun leshi wankakke in kin danna shi a kan fondan zai bar zanensa. Kuma ba dole sai mun kwaikwayi 'yar tsana da mutum-mutumi ba, waɗanda da yawa daga malamanmu ma ba su so. Muna da dagin Arewa, da zanen lalle, da aska takwas ta babbar riga, da zanen faifai da na ƙwarya. Kek ɗin sauka mai siffar allo zai fi burge malam da iyayen yaro a kan duk wani abin da aka gani a waya. In kin sa tsinke ko waya don riƙe fure, wajibi ne ki faɗa wa mai kek kafin a yanka.

Lissafi da amana

'Yar'uwa, da yawa ba kwalliya ke kayar da su ba, lissafi ne. Ki samu littafi. Ki rubuta kuɗin kowane abu, har gawayi da kwali da faifan da kek ke zama a kai da kuɗin wanda zai kai. Sannan ki ɗora ladan hannunki, domin wuni biyu kika yi. Farashin sukari da fulawa ba ya zama wuri ɗaya, don haka kada ki yanke kuɗi da awon watan jiya. Ki karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabi, ko da 'yar ɗakinku ce. Ki faɗa da fara'a, amma ki faɗa.

Awonki da lambobin masu sayenki su ma su shiga littafin. Mun ga abin da ya faru a 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Wadda iliminta da cinikinta duk ke cikin waya sai ta zauna. Mai littafi da maƙwabta ta ci gaba.

Ki nemi yardar maigida tun farko, ki nuna masa lissafin, ku shirya wanda zai riƙa karɓar baƙi a ƙofar gida. Wannan sana'a alherinta shi ne ba ta buƙatar talla. Ba sai an ɗora wa yarinya faranti an hana ta makaranta ba. Hoto ɗaya mai kyau a WhatsApp, da bakin wadda ta ci ta ji daɗi, sun isa. Wajen kaiwa, kek a ƙasan mota yake zama, wuri mai baje, ba a kan cinya ko kujera ba, kuma da safe kafin rana ta yi. In mai babur ne kawai ke akwai, gara mai kek ya aiko babba ya rungume kwalin.

Kada ki karɓi abin da ba ki iya ba. Mai hawa uku ya jira sai kin ƙware a hawa ɗaya. Kada ki tura hoton aikin wata ki ce naki ne, ranar biki asiri zai tonu, kuma garinmu ƙarami ne. Kada kwalliya ta rufe tsohon kek. Sannan mu tuna fondan sukari ne zalla: mai ciwon sukari ya ɓare ya ajiye, yara kuma a ba su kaɗan a sa su wanke baki.

To 'yar'uwarmu ta Kurfi, kin ce naki ya fi daɗi. Ki riƙe wannan, shi ne jarinki, domin kwalliya ke kawo mai saye, daɗi ne ke dawo da shi. Aikin gida na wannan mako: a kwaɓa rabin awon da na bayar, a kifa tukunya, a rufe ta sau biyar. Wadda tata ta yage ta aiko ta faɗa mani a ina ta yage, a baki ne ko a gefe, da kuma lokacin da ta yi aikin, sai mu gano dalili tare.

A mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan furanni da rubutun suna a kan kek. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da gidajenmu. A gaida maigida da yara.